Takardun eko biyu sun saɓa a kan ƙofar zuciyarta, wacce za mu ɗauka?

Wani bawan Allah daga unguwar Birni ya aiko da tambaya a kan mai ɗakinsa, ƴar shekara 26. Tana da ciki wata bakwai numfashi ya fara gagarar ta, har ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, ga masassarar cizon sauro da ta sha a lokacin. Aka yi mata eko na zuciya, wato hoton zuciya da na'ura ke ɗauka da sauti, a nan Damagaram, aka ce ƙofar mitiral ta tsuke: bambancin matsi 15, faɗin ƙofa 1.3, bugun zuciya 115 a minti. Allah ya sauke ta lafiya. Wata biyar bayan haihuwa suka je Kano wajen dangi, aka sake awon: matsi 7, faɗi 1.4, bugu 70. Yanzu gida ya rabu biyu, wasu na cewa likitan farko ne ya kuskure, wasu na cewa ta warke, a daina allurar da ake yi mata duk wata. Shi kuma yana so ya san iyakar gaskiyar wannan na'ura.

Malam, barka da arziki, Allah ya raya abin da aka samu, ya ƙara wa maijego lafiya. Abin da ba ya jira shi zan fara faɗa maka: kada a daina allurar nan. Sannan ka kwantar da hankalinka a kan takardun, don a idon mai wannan aiki ba su saɓa ba. Magana ɗaya suka yi. Na gode maka da ka kwafo har da lambar bugun zuciya, wadda yawancin mutane ke tsallakewa, don a nan gizo ke saƙa.

Ƙofar mitiral tana tsakanin ɗakin sama na hagu, wanda ke karɓar jinin da ya dawo daga huhu, da ɗakin ƙasa na hagu, wanda ke tura shi cikin jiki. Lafiyayyar ƙofa faɗinta santimita murabba'i 4 zuwa 6 ne, yatsu biyu za su wuce. Mai 1.3 ko 1.4 kuwa bai fi kan ƙaramin yatsa ya shiga ba. Duk jinin jikin mutum ta nan zai bi, dare da rana.

Na'urar eko ba ta ganin matsi, ba ta kuma auna yawan jini kai tsaye. Abu ɗaya take aunawa da kanta a wannan fanni, shi ne saurin gudun jini. Ka tsaya bakin titi ka saurari kabu-kabu ya taho da gudu: yana matso ka ƙararsa siririya ce, yana wuce ka ta yi kauri. Wannan sauyin murya shi wani masani ɗan Ostiriya, Christian Doppler, ya yi bayaninsa a 1842, shi ya sa muke kiran awon Dopla. Na'urar tana aika sauti mai kaifin da kunne ba ya ji, ya bugi ƙwayoyin jini ya dawo, daga yadda muryarsa ta sauya ta san mita nawa jinin ke yi a daƙiƙa. Wannan awon, in an saita shi daidai, yana da kyau ƙwarai. Sauran lambobin da ke takarda lissafi ne da aka ɗora a kansa, kuma kowane lissafi yana da sharaɗinsa.

Na farkonsu shi ne matsi. Duk wanda ya taɓa ba-ruwa da tiyo a garakan Mirya ya san in ka danne bakin tiyon da babban yatsa ruwa ya kan fita da ƙarfi ya yi nisa, tiyon kuma ya yi tauri a bayan yatsan. Haka jini yake a ƙofar da ta tsuke: gudu a gaba, matsi a baya. Daga ƙa'idar Bernoulli, wadda ke danganta gudun ruwa da matsinsa, aka ciro gajeren lissafin da muke aiki da shi kullum: ka ninka gudun da kansa, ka ninka da huɗu. Gudun mita 1 a daƙiƙa matsi 4 ke nan, a irin ma'aunin da ake auna tansiyo. Gudun mita 2 kuwa 16 ne, ba 8 ba. Ka riƙe wannan da kyau: gudu in ya ninka biyu, matsi huɗu yake ninkawa.

Ba haka kawai aka yarda da lissafin ba. Kafin eko, in ana so a san matsi sai an zura siririyar roba ta jijiyar cinya har cikin zuciya, a auna, a yi lissafin Gorlin na 1951 don a fitar da faɗin ƙofa. A ƙasar Norwe aka fara gwada Dopla da wannan roba a kan masu tsukewar mitiral: Jarle Holen a 1976, sai likita Liv Hatle a birnin Tronhem daga 1978. A 1985 asibitin Mayo na Amurka ya auna mutum 100 masu tsukewar ƙofar awota, wadda jini ke fita ta cikinta zuwa jiki, da hanyoyin biyu a lokaci guda, lambobin suka bi juna sau da ƙafa. A ƙofar mitiral ma har an gano cewa Dopla ta fi kusa da gaskiya a kan robar da ta tsaya a jijiyar huhu tana kintatar matsin ɗakin sama daga nesa, don wannan hanyar ta kan ƙara wa lambar. Shi ya sa yau ba a zura wa mutum roba don kawai a san girman tsukewa, sai in eko da halin majinyaci sun ƙi jituwa.

To in Dopla tana da gaskiya haka, me ya mai da 15 ya koma 7?

Matsi ba halin ƙofa kaɗai yake faɗa ba. Yana faɗar halin ƙofa da yawan jinin da ke neman wucewa, da lokacin da aka ba shi ya wuce. Ka dubi ƙofar masallaci ranar Juma'a bayan sallama, ka dube ta da hantsin Talata. Ƙofa ɗaya ce, turereniyar ce ta bambanta. Mace mai ciki wata bakwai jinin jikinta ya ƙaru da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, zuciya na aiki don mutum biyu. Masassara ta ƙara wa zuciyar sauri. Cizon sauro ya kan cinye jini, jinin da ya yi ƙaranci kuma dole ya yawaita zagaye kafin ya wadatar da jiki. Sannan ga lokaci. Jini ba ya bi ta mitiral sai a ɗan hutun da zuciya ke yi tsakanin bugu da bugu. A bugu 70 wannan hutun kusan rabin daƙiƙa ne, a bugu 115 bai wuce rubu'in daƙiƙa ba, don in zuciya ta yi sauri daga hutun take ragewa. Jini mai yawa, lokaci kaɗan, ƙofa ƙarama: dole gudu ya ƙaru. Gudun bai buƙatar ninkawa biyu ma, in ya ƙaru da rabinsa kawai ya isa ya kai matsi daga 7 zuwa 15. Wannan matsin shi ya koma baya ya cika mata huhu da ruwa har ta kasa kwanciya. Likitan farko abin da ke akwai a ranar ya rubuta, na biyu ma haka. Shi ya sa duk takardar eko ta mitiral da ta ba da matsi ba ta faɗi bugun zuciya ba, a wurina rabin takarda ce.

Lambar da ke faɗar halin ƙofar ita kanta, wato faɗi, ba ta motsa ba. Na san a ido 1.4 ta fi 1.3, kuma mai neman sauƙi ko ƙanƙani ya gani zai riƙe. Amma in na auna mutum ɗaya da safe, abokin aikina ya auna shi da rana, bambancin 0.1 ko 0.2 abin yau da kullum ne. Hannu biyu, na'ura biyu, gari biyu, wata bakwai a tsakani, suka sauka kusa da juna haka: ni wannan ƙarfafa mini gwiwa ya yi cewa duka an yi aiki da kyau. Duka biyun kuma suna ƙasa da 1.5, iyakar da ake ɗaukar tsukewa a matsayin mai tsanani wadda sai an sa mata ido sosai.

Faɗin nan hanya biyu aka fi bi a same shi, ya kamata ka san su don ka iya tambaya. Ta farko ita ce a yanko hoton ƙofar a gicciye, a tsayar da shi lokacin da ta buɗe iyakar buɗewarta, a zagaye bakinta da alƙalamin na'ura. A irin ciwon mai ɗakinka bakin ya kan yi kama da bakin kifi. Wannan hanya ba ruwanta da ciki ko masassara ko saurin bugu, shi ya sa a tsukewar da ta samo asali daga ciwon maƙogwaro ita muke sa wa gaba. Wahalarta a hannu take. Ƙofar da ta tsuke kamar mazurari take, sama faɗi, ƙasa tsuke. In yankan ya hau sama da ƴan milimita kaɗan za ka zagaye wuri mai faɗi ka ce ƙofar ta fi yadda take. In ƙyamaren sun yi tauri sun tara alli, ko an ƙure hasken hoton, gefen ya kan yi kauri ramin ya fito ƙarami. Na kan sa sannu in gangaro daga sama zuwa ƙasa sau uku ko huɗu har in tabbata na kai bakin mazurarin. Na'urori masu hoto mai fuska uku sun rage wannan matsala sosai, inda ake da su.

Ta biyu da lokaci take aiki. Ka cika jarka biyu da ruwa, ka huda ɗaya da ƙusa, ɗaya da allura. Mai babban rami ƙarfin ruwanta zai faɗi nan da nan, mai ƙarami zai daɗe yana tsartuwa. Dopla tana auna tsawon lokacin da matsi ke ɗauka kafin ya ragu da rabi, a kashi dubu na daƙiƙa, sai a raba 220 da wannan lamba. In lokacin 170 ne, faɗi 1.3 ke nan. Liv Hatle da abokan aikinta suka kawo wannan awo a 1979, ita kuma 220 daga gwaji a kan majinyata aka ciro ta. Hanyar tana da sauƙi da sauri, har ta sa wasu ba sa duba wata, kuma wannan yana damuna. Tana ruɗi in ƙofar awota tana yoyo da yawa, don ɗakin ƙasa yana cika ta ƙofa biyu, matsi ya daidaita da wuri, mitiral ta fito kamar mai faɗi alhali a tsuke take. Tana ruɗi ga tsoho mai hawan jini wanda bangon zuciyarsa ya yi tauri. Ba a dogara da ita a kwana biyu ko uku na farko bayan an buɗe ƙofa da balan-balan. In zuciya tana gudu kamar 115, gangaren da ake aunawa ya kan gajarce har ya yi wuyar bi. Don haka in za a sake awo, ka roƙi a yi hanyoyin biyu a rubuta kowacce daban.

Akwai kuskuren da ke na hannun mai awo tsantsa, kuma ba zan ɓoye maka shi ba, don ni ma na taɓa yin sa. Dopla ba ta ba da cikakken gudu sai in sautin ya bi layi ɗaya da jinin. In ya karkace, lambar ƙasa take yi, ba ta taɓa yin sama. Karkatar digiri 20 tana rage gudu da kashi 6 cikin ɗari, matsi da kusan 12. Ta digiri 30 tana cinye rubu'in matsin. A mitiral abin da sauƙi, don in majinyaci ya kwanta a gefen hagu ya sa hannu ƙarƙashin kai, aka ɗora kan na'urar ƙarƙashin nono inda zuciya ke harbawa, jinin kusan kai tsaye yake nufo ka. A ƙofar awota, wadda jini ke fita ta cikinta zuwa jiki, labari ya sha bamban.

Ina farkon koyon aikin aka kawo wani dattijo mai jiri da ciwon ƙirji in ya yi tafiya. Na auna awotarsa daga ƙasan nono na samu mita 3.6, matsi 52 a ƙololuwa, na rubuta matsakaiciya, don iyakar mai tsanani mita 4 ce. Malamina bai ce mini komai ba. Ya juya dattijon a gefen dama, ya ɗauko wani ɗan siririn kan na'ura mai kama da alƙalami wanda ba ya nuna hoto ko kaɗan, ya sa shi tsakanin haƙarƙari a dama da ƙashin ƙirji, ya ƙara murya, ya rufe ido. Da fari shuu kawai ake ji, kamar ana zuba gero a buhu. Yana ɗan murza hannu, yana murzawa, sai ƙarar ta tattaru ta zama siririn fito mai tsabta. Da ya buɗe ido allo na nuna 4.6, matsi 85. Mutumin da na ce ya dawo baɗi, ashe mai buƙatar a sauya masa ƙofa ne. Tun daga ranar ban sake rubuta gudun awota daga taga ɗaya ba: ƙasan nono, daman ƙirji, ramin wuya, duk sai na leƙa, in ɗauki mafi girma.

A awota faɗin ƙofa ma lissafi ne mai santsi. Ana auna faɗin hanyar da ke ƙarƙashin ƙofar, a ninka shi da kansa, saboda haka in hanyar milimita 20 ce aka auna 18, kuskuren milimita 2 ya zama kusan kashi 20 cikin ɗari a amsar ƙarshe. Ga shi lissafin yana ɗaukar hanyar a matsayin da'ira, alhali a yawancin mutane ta fi kama da ƙwai. Sannan zuciyar da ta gaji ba ta iya tura jini da ƙarfi, sai matsakaicin matsi ya fito ƙasa da 40, iyakar mai tsanani, ko da ƙofar ta kusa rufewa. Wannan shi ne abin da ya faru ga mai ɗakinka amma a juye, kuma shi ne dalilin da ƙaramin matsi ba ya nufin lafiya. Na kawo maka zancen awota ne don ciwon da ya taɓa mitiral ya kan taɓa ta ita ma, ka duba ko takardun sun ambace ta.

In bugun zuciya ya rikice, ya daina bin tsari, abin da ke yawan samun masu tsukewar mitiral in ɗakin sama ya kumbura, kowane bugu da lambarsa yake zuwa. A nan sai an haɗa bugu biyar zuwa goma an ɗauki matsakaici. Ƙananan na'urorin da ake riƙewa a tafin hannu kuwa suna da amfani wajen gano ciwon a ƙauye, amma da yawansu ba su da irin Doplar da ke auna gudu mai ƙarfi, don haka ba a yanke hukuncin aiki da su.

Yanzu ga abin da nake gani game da ita. Ƙofar da ciwon nan ya manne gefunanta ba ta buɗewa da kanta, ba ta buɗewa da ƙwaya. Sauƙin da ta samu gaskiya ne, nauyin ciki ya sauka, masassara ta tafi, in kuma an ba ta maganin rage saurin bugu shi ma ya yi aikinsa. Amma ranar da wani cikin ya kai wata shida ko bakwai, 15 ɗin nan za ta dawo, wataƙila da ƙari, don tsukewar a hankali take ci gaba. Ina roƙonka da girman Allah ku zauna da likitan zuciya kafin wani cikin, ba bayan ya shiga ba, ku yi maganar tazara da maganar buɗe ƙofar. Ga mace ƙarama irinta, in ƙyamaren suna da laushi, ba alli da yawa, ba yoyo mai yawa, ba gudan jini a ɗakin sama, ana iya buɗewa da balan-balan ta jijiyar cinya ba tare da an tsaga ƙirji ba, hanyar da likita Kanji Inoue na Japan ya bayyana a 1984. Eko ce ke faɗar ko ƙofar ta dace da hakan, wani lokaci sai an haɗa da wadda ake zurawa ta maƙoshi don a leƙa bayan zuciya. Inda za a yi aikin, Yamai ne ko waje, likitanta zai fi sanin hanyar da ke buɗe a lokacin.

Allurar kuwa, Extencilline ko wata fenisilin mai daɗewa a jiki da ake yi duk sati uku ko huɗu, ba don ta buɗe ƙofa ake yin ta ba, shi ya sa ba za ka ga aikinta a takardar eko ba. Asalin ciwon wata ƙwayar cuta ce da ke kama maƙogwaro tun ana yara. Jiki ya tashi yaƙar ta sai ya haɗa da ƙofofin zuciyarsa, kuma duk lokacin da ƙwayar ta dawo sabon tabo take bari a kan tsoho. Allurar ita ke tare ta. Na san tana da zafi, na san zuwa asibiti duk wata da goyo a baya ba ƙaramin abu ba ne, musamman a bazara. Amma mai irin wannan tsukewa ana ci gaba da yi mata har shekara 40 aƙalla, wasu iyakar rai. Wannan ya shafi yaran gidan ma: yaron da ke kukan maƙogwaro da zazzaɓi, asibiti za a kai shi a ba shi fenisilin, ba wajen wanzami a cire hakin wuya ba. Da yawan matan da nake aunawa yau, da an yi musu haka suna shekara 8 ko 10 da ba su kwanta a gadon awona ba.

In za ku koma awo, wanda bai kamata ya wuce shekara ba, ku tafi da takardun biyu da hotunan da aka manna musu, da sunayen magungunan da take sha, da awon jininta na kusa. Ku zaɓi ranar da ba ta da zazzaɓi, ta zauna ta huta kafin ta hau gado, kada ta shigo daga rana a ɗora mata na'ura nan take. Ta faɗa wa likita abin da take iyawa da abin da ya gagare ta: daka, ɗaukar bokitin ruwa, tafiya daga gida zuwa kasuwar Dole, matasai nawa take kwana a kai. In kuwa kafin lokacin ta fara farkawa cikin dare tana neman iska, ko tari da jini, ko ta ji zuciya na fat-fat ba tsari, ko hannu ko baki ya saki ko na minti ɗaya ne, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku kawo ta a ranar.